Hanyar Matattu da Tambayoyi Goma

Wata ran Alhamis da dare, bayan mun tashi daga addu'ar iyali, 'yata ta biyu ta miƙo mini wata takarda tana murmushi. Tana aji na biyar a wata sakandare ta nan Ngawundere, watau shekara guda bayan ta ci jarrabawar BEPC. Malaminsu na Ingilishi ya ba su wani gajeren labari, shafi biyu da ɗan kai, da tambayoyi goma a ƙarƙashinsa. Ta ci tara. Na ce mata, "Madalla, 'yata. To, zauna ki ba ni labarin in ji." Sai ta yi shiru, ta dubi takardar, ta dube ni. Can ta ce, "Baba, ai ba a ce mu ba da labarin ba. An ce mu amsa tambayoyi ne." Da na matsa mata, iyakar abin da ta iya faɗi shi ne labarin wani hedimasta ne mai shekara 26, da matarsa, da furanni.

Tun daren nan abin yake cina, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ni ba malamin sakandare ba ne. Karatuna na firamaren mishan ne, Ingilishina kuwa na tsince shi a shekarun da na zauna wurin kawuna a Yola, har yau kuma da ƙamus a gefena nake karatu. Amma aikina koyarwa ne, na kuma daɗe ina zama da ajin baftisma, na san bambancin yaron da ya haddace amsa da wanda maganar ta shige shi.

Labarin da aka ba su na Chinua Achebe ne, sunansa Dead Men's Path, watau Hanyar Matattu. An haifi Achebe a Ogidi ta ƙasar Ibo a 1930, ya rasu a 2013. Ya rubuta labarin nan yana ɗalibi a Ibadan, aka buga shi a 1953, shekara biyar kafin littafinsa da duniya ta sani, Things Fall Apart. Daga baya, a 1972, ya sa shi cikin tarin gajerun labarai mai suna Girls at War. Akwai wani abu kuma da ya kamata mu sani: mahaifin Achebe katikis ne, malamin mishan na CMS. Ashe wanda ya rubuta labarin nan a gida irin namu ya tashi, ya kuwa san irinmu ciki da bai.

Bari in taƙaita labarin domin waɗanda ba su karanta ba. A watan Janairu na 1949 hukumar mishan ta naɗa wani saurayi, Michael Obi, hedimastan makarantar Ndume, domin makarantar ta yi baya, shi kuwa mai himma ne mai sabon ilimi. Shi da matarsa Nancy suka ƙudurta za su mai da wurin abin kallo. Suka shuka furanni, suka kewaye filin da shingen itatuwa masu ado. Wata rana da yamma ya ga wata tsohuwa ta ratsa ta tsakiyar furannin. Da ya bincika sai ya tarar da wata tsohuwar hanya wadda ta haɗa wurin tsafin ƙauyen da maƙabartarsu. Wani malami da ya riga shi zuwa ya faɗa masa an taɓa yin rigima da aka yi ƙoƙarin toshe ta. Bai ji ba, gama hankalinsa yana kan abin da jami'in ilimi zai ce in ya zo dubawa. Ya sa aka kafa itatuwa, aka ja waya mai ƙaya.

Bayan kwana uku, tsohon firist na Ani, abin bautar ƙasa a wurin Ibo, ya zo da sandarsa. Ya yi magana a hankali. Ya ce hanyar nan ta girme su duka, ta nan matattunsu ke tafiya, ta nan kakanni ke ziyartarsu, ta nan kuma jariran da za a haifa ke shigowa. Obi ya saurare shi da murmushin raini, ya ce ai domin a kawar da irin wannan camfi aka kafa makaranta. Har ya ƙara da ba'a, ya ce a yi wata hanya ta gefe, ba ya tsammani kewayen zai gajiyar da kakanni. Tsohon ya tafi. Bayan kwana biyu wata matashiya ta mutu wurin haihuwa. Aka je wurin mai duba, ya ce an ɓata wa kakanni rai. Da gari ya waye, Obi ya tarar an tumɓuke shingen, an tattake furannin, an rushe ɗaya daga cikin gine-ginen. A ranar ce kuma Bature mai duba makarantu ya iso, ya rubuta mummunan rahoto, ya ɗora wani kashi na laifin rikicin a kan himmar hedimasta marar kan gado. Nan labarin ya ƙare.

Yanzu ga irin tambayoyin da ke ƙarƙashinsa, in na juya su da Hausa. A wace shekara aka naɗa Obi? Shekarunsa nawa? Mene ne sunan matarsa? Wa ya gani yana ratsa filin makaranta? Bayan kwana nawa firist ya zo? Sa'an nan gaskiya ko ƙarya guda uku, da kalmomi biyu da za a nemo masu ma'ana irin tasu. Babu tambaya ko ɗaya da ta ce don me. Babu wadda ta taɓa ƙarshen labarin, inda duk nauyinsa yake.

'Yan'uwa, ku gwada wannan da kanku. Ga jimla: Jiya wani dalgo ya gwalte kwalmi uku a bakin sanzu. Wa ya gwalte kwalmi? Dalgo. Guda nawa? Uku. A ina? A bakin sanzu. Yaushe? Jiya. Kun ci huɗu cikin huɗu, ga shi kuwa ba wanda ya san mene ne dalgo ko kwalmi, har ni da na ƙaga su yanzu. Haka yaranmu suke yi da Ingilishi. In tambaya ta nemi shekara, yaro ya bi shafi da yatsa har ya ga lamba. In ta nemi suna, ya nemi kalma mai babban harafi. Sai ya kwafe jimlar ɗungum. Dabara ce, yaranmu kuwa suna da wayo, sun gano ta tun suna ajin farko. Malami ya sa jan biro ya ba da maki, uba ya yi murna, labarin kuma yana nan kwance ba wanda ya buɗe shi.

Kada a ce ina zagin malamai. Na je na gaishe da malamin, na same shi mutum mai ladabi da son aikinsa. Na ce, "Malam, me ya sa tambayoyin suka tsaya a bakin ƙofa?" Ya nuna mini ajinsa, yara a matse a kan benci, da yawansu ba su da littafi, takardar ma da kuɗin aljihunsa ya buga. Ya ce takardar jarrabawar Ingilishi kashi huɗu ce, nahawu, kalmomi, fahimtar karatu da insha'i, shi kuma da sakamakon jarrabawa ake auna shi. Tambayar da amsarta ɗaya ce tak tana da saurin dubawa in takardu sun taru. Duk wannan gaskiya ne.

Akwai kuma wani nauyi da ya kamata 'yan'uwanmu na Najeriya su gane. A Kamaru harsunan hukuma biyu ne, Faransanci da Ingilishi, tun haɗewar ƙasar a 1961. Tsarin mulki na 1996 ya ba su daraja ɗaya, dokar ilimi ta 1998 kuma ta tsara makarantu gida biyu, na Faransanci da na Ingilishi. Mu nan Adamawa da Garwa da Marwa yawancin yaranmu suna gidan Faransanci, inda Ingilishi darasi ne guda cikin darussa, sa'o'i kaɗan a mako, daga ajin farko har zuwa Probatoire da Baccalauréat. Yaro ya tashi da Mbum ko Gbaya ko Dii ko Hausa a gida, ya ɗauki Fulatanci a kasuwa da wurin wasa, ya shiga makaranta da Faransanci, sa'an nan Ingilishi ya zo na huɗu. Da ya fita ƙofar aji, ba lalle ya sāke jin kalma ɗaya ta Ingilishi ba sai mako ya kewayo. Wanda yake koyarwa a irin wannan hali ya cancanci a tausaya masa.

Amma dalilan nan su ne suka sa asarar ta fi ciwo. In sa'o'in kaɗan ne, ai bai kamata a ɓatar da su wajen farautar lambobi ba. Abin da ke riƙe baƙon harshe a kan yaro shi ne son ya ji abin da ya biyo baya. Abubakar Imam ya san wannan sa'ad da ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya a shekarun 1930 domin 'yan makaranta. A littafi na farko, da labari bayan labari aku ya riƙe ɗan sarki a gida, ya hana shi fita zuwa hallaka. Iyayenmu mata ma sun sani. Ba wadda ta taɓa gama tatsuniya ta tambayi yara ƙafafun Gizo nawa ne. Yaran da kansu suke gardama a kan ko Gizo ya kyauta, washegari kuma su ne masu ba ƙannensu labarin.

Labarin Achebe kuwa an gina shi ne domin irin wannan gardama. Ku dubi yadda ya ajiye mutuwar matar nan. Bai ce kakanni ne suka kashe ta ba, bai kuma ce ba su ba ne. Ya ce ta mutu, ya ce mai duba ya faɗi abin da ya faɗa, ya bar mai karatu da sauran. Ku dubi sandar tsohon, yadda yake buga ta a ƙasa in ya zo kan magana mai nauyi, ƙasar nan kuwa ita ce abin da yake yi wa hidima. Ku dubi ƙarshen. Duk abin da Obi ya yi, ya yi ne domin idon mai dubawa, sai ga shi mai dubawan ne ya kayar da shi. Yaron da ya ga wannan juyi ya yi dariya ko ya kama baki, shi ne ya fahimci karatu, ko da bai tuna shekarar da aka naɗa hedimasta ba.

Labarin yana da nasa rauni, ya kuma kamata a bar yara su gani. Aikin saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai. An zana Obi da launi ɗaya, girman kai tun daga farko har ƙarshe, ba mu ga ya yi shakka ko sau ɗaya ba. Nancy an sa ta ne kawai a yi mata dariya saboda kwaikwayon matan mujallu. Matar da ta mutu ba ta da suna, ba ta da fuska, an kawo ta domin labari ya juya. Abin da ya fi damuna kuma, makarantar mishan ce, amma ba mu ji muryar ko mutum ɗaya na ƙauyen wanda ya karɓi bangaskiya, wanda kakanninsa ma suna kwance a maƙabartar nan ba. Da shi ne zai fi kowa shan wuya a tsakani. A Things Fall Apart Achebe ya cike wannan giɓi, ya nuna mana masu bi iri iri, da mai haƙuri da mai zafin kai. Ɗalibin da ya iya cewa ga abin da marubuci ya bari a baya, ya riga ya wuce matsayin mai kwafe jimla.

Wani zai ce, katikis, yaya kake yabon labarin da mai tsafi ya fi ɗan mishan hankali a cikinsa? Ba ka tsoron ya raunana yara? Amsata ita ce, ni ban gaskata matattu suna yawo a kan hanya ba, ba kuwa zan koyar da haka ba. Amma labarin bai nemi in gaskata ba. Abin da ya sa a gabana shi ne yadda mutum mai riƙe da gaskiya yake magana da tsoho. Na kuwa san Obi, domin na taɓa zama shi. Farkon aikina, a wani ƙauye kan hanyar Garwa, na kewaye filin majami'a da shinge domin awaki, na toshe wata 'yar hanya da mata suke bi zuwa rafi. Wani dattijo, wanda ba mai bi ba ne, ya zo ya ce, "Malam, hanyar nan ta riga ɗakinku zuwa." Na amsa masa da takardar fili. Ba wanda ya rushe mini kome. Sai dai matan da suke tsayawa su gaishe mu in sun wuce, har su saurari waƙa, suka daina bi ta wurinmu, aka shekara biyu kafin na gane na buɗe ƙofa a shingen. Da wani ya karanta mini labarin nan ina ɗan shekara goma sha bakwai, ya tambaye ni wa ya yi kuskure, watakila da ban yi wannan wauta ba. Yaranmu su ne malaman asibiti da malaman gona da hedimastocin gobe, za a tura su ƙauyukan da ba su san harshensu ba. Kowannensu zai tarar da wata hanya ta ratsa filinsa.

To, me za a yi? Abin da na gwada da 'yata da ƙawayenta biyu a tsakar gida shi zan faɗa, ba kuwa ya bukatar kuɗi.

Da fari, a karanta labarin da murya, dukansa, ba tare da tsayawa a kan kowace kalma mai wuya ba. Kalmomi biyar ko shida da labarin ya rataya a kansu, kamar hanya, maƙabarta, kakanni, shinge, a bayyana su tun kafin a soma. Na biyu, a tsaya daidai inda tsohon ya fita, a tambayi yara me suke tsammani zai faru. Da na yi haka, tsakar gidana ta kaure da musu, ɗaya ta ce za a kori hedimasta, ɗaya ta ce za a kama tsohon. Da muka koma kan takarda, ba wadda na roƙa ta saurara.

Na uku, a kife takarda, yaro ya ba na kusa da shi labarin da harshen da ya fi iyawa, Hausa ko Fulatanci ko Faransanci. Na san za a ce wannan satar lokacin Ingilishi ne. Amma minti biyar ne, shi ne kuma ma'aunin da ba a iya yi masa dabara, gama ba mai iya juya abin da bai gane ba. Tsarin mulkin nan na 1996 ma ya ɗora wa hukuma kiyaye harsunan ƙasa da ɗaukaka su, saboda haka ba laifi ba ne a ji su a aji. Haka aka yi a zamanin Nehemiya, sa'ad da aka karanta Shari'a a gaban jama'a, Lawiyawa suna bayyana ma'ana har mutane suka gane. Filibus kuma, da ya tarar da mutumin Habasha yana karatu a karusarsa, abin da ya fara tambayarsa shi ne ko yana fahimtar abin da yake karantawa.

Na huɗu, sai a komo ga Ingilishi da tambayoyi hawa uku. Na ƙasa, me ya faru. Na tsakiya, don me ya faru: me ya sa Obi bai saurari malamin da ya gargaɗe shi ba, wa yake so ya burge? Na sama, kai me ka ce: wa ya fi laifi, me ya kamata a yi da hanyar, ka nuna wurin da ya goyi bayanka a cikin labarin. Cikin tambayoyi goma, ko uku aka ba hawa na biyu da na uku, ajin zai sāke. Na biyar, a rufe da ɗan rubutu: wasiƙar da Obi zai rubuta wa tsohon bayan kwana bakwai, jimla shida kawai. Ingilishin da 'yan matan nan suka rubuta cike yake da kurakurai, amma nasu ne, sun kuma buɗe ƙamus da kansu domin akwai abin da suke so su faɗa. Wannan ba ya rage wa jarrabawa kome. Wanda ya gane labari ba zai kasa faɗin sunan matar hedimasta ba, ga shi kuma ya yi shirin insha'i.

Kafin mu nuna malaman sakandare da yatsa, mu dubi namu ajin. Mu ma muna da tambaya da amsa. Martin Luther, da ya rubuta Ƙaramar Katikisma a 1529, ya shawarci masu koyarwa su fara da kalmomin, sa'an nan su bi da ma'anarsu. Sau da yawa mukan yi na farkon mu bar na biyun. Mukan tambayi yaran makarantar Lahadi kuɗi nawa Basamariyen nan ya ba mai masauki, mu manta cewa Ubangiji da kansa, da ya gama misalin, tambayar da ya yi wa masanin Shari'a ta hukunci ce, ya zaɓi wanda ya zama maƙwabci cikin ukun. Annabi Natan ma da labarin 'yar tunkiya ya sa sarki Dawuda ya yanke wa kansa shari'a. In yaro ya saba tun daga majami'a cewa labari abin ciro lamba ne, kada mu yi mamaki in ya kai wannan hali makaranta. Makarantun ikkilisiya kuwa, waɗanda suke cikin garin nan tun bayan zuwan 'yan mishan na Norwe a 1925, su ya kamata su fara gyarawa.

Ku iyaye, ba sai kun iya Ingilishi ba. In yaro ya kawo muku takarda da maki, ku yi masa barka, sa'an nan ku ce ya zauna ya ba ku labarin da harshen gida. Ku tambaye shi wa ya kyauta, wa bai kyauta ba. In ya iya, kuɗin makarantarku bai faɗi banza ba. In ya kasa, ku je ku gaishe da malaminsa da ladabi, kada ku je masa da murmushin Obi.

Mako guda bayan wannan, muna cin tuwon dare, sai 'yata ta ce, "Baba, ni har yanzu ina ganin mutanen ƙauyen ma ba su kyauta ba. Yaran da aka rushe wa aji, a ina za su zauna?" Na ce ban taɓa tunanin wannan ba, gaskiya kuwa na faɗa. Uwarta ta sa baki ta ce ai wanda ya toshe hanya shi ya jawo, gardama ta tashi har tuwo ya huce. Allah ya ba malamanmu ƙarfi da haƙuri, ya ba 'ya'yanmu fahimi. Amin.